Wankiya ce ko ba wankiya ba ce?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Na ƙona data na sauke fim ɗin Beyond a Reasonable Doubt na 2009 don kawai na ga fuskar Michael Douglas a fosta, ashe wankiya ce marar gishiri. Darakta Fritz Lang ya yi na asalin tun 1956, baƙi da fari, kuma har gobe ya fi wannan. Masu sharhin da suka yi masa kaca-kaca sun yi daidai, a shafin tara sharhin fina-finai na Rotten Tomatoes ko kashi 10 cikin 100 bai samu ba. Mai ja ya fito.

Maman Iman: Wa'alaikumus salam. To mu da ba mu kalla ba, mene ne labarin?

Ɗan Fagge: Wani ɗan jaridar talabijin ne a garin Shreveport na jihar Louisiana, Jesse Metcalfe ya fito a matsayinsa. Yana zargin babban lauyan gwamnati, wato Douglas, da dasa shaidar DNA don ya riƙa cin shari'a, ga shi kuma yana neman gwamna. Sai yaron ya shirya wa kansa shaidun ƙarya a kan kisan wata mata, abokinsa yana ɗauka a bidiyo, da nufin in an gurfanar da shi su fito da bidiyon su tona asirin lauyan. Sai aka kashe abokin.

Barista: Ɗan Fagge, tsaya. Ban damu da ko fim ɗin ya yi kyau ba, amma ka janye kalmar wankiya. Wankiya ita ce ka ɗauki labarin wani ka sauya sunaye ka yi shiru kamar naka ne. Wannan kuwa sunansa ɗaya da na asali, an rubuta cewa daga rubutun Douglas Morrow aka ɗauko, kuma kamfanin RKO da ya fitar da na 1956 yana cikin kamfanonin da suka yi na 2009. Ina satar take?

Ɗan Fagge: Wa ya ce sata? Wankiya na ce.

Barista: To mece ce wankiya in ba sata ba?

Sarkin Kallo: Ranka ya daɗe Barista, nan ba kotu ba ce. Duk wanda ya maimaita abin wani bai ƙara masa komai ba, ya wanka. Ko da takardar izini a aljihunsa.

Na Damagaram: Ai ko Douglas ne ya rubuta, shi ya fito, to ta yaya mutum zai wanki kansa?

Barista: Douglas Morrow daban, Michael Douglas daban, malam. A 1956 Michael yaro ne ɗan shekara 12.

Na Damagaram: To ai duk Douglas ne.

Malam Tsoho: Ku yara kun bar nama kuna faɗa a kan ƙashi. Bambancin fina-finan nan biyu babba ne. A na Lang, mai gidan jarida ne da ba ya goyon bayan hukuncin kisa ya sa saurayin 'yarsa, wanda Dana Andrews ya fito a matsayinsa, ya jefa kansa cikin zargi, don su nuna cewa ana iya yanke wa marar laifi hukuncin kisa da shaidar alamu kawai. Babu mugun lauya mai dasa shaida, dokar ce kanta ake tuhuma. Mu a fiƙihu ƙarina muke cewa, kuma malamai sun daɗe suna tattauna iyakarta, suna kafa misali da rigar Annabi Yusuf da aka yage ta baya. Peter Hyams kuwa, daraktan na 2009, da ya zo sai ya mayar da matsalar ta mutum ɗaya ce lalatacce, in an kama shi an gama. Ya cire tambayar ya zuba tseren mota a wurin ajiye motoci. Nan ya yi asara.

Sarkin Kallo: Kun ji ko? Baba ma ya ce wankiya ce.

Malam Tsoho: Ban faɗa ba.

Barista: Ai maganar Baba tawa ta ƙarfafa. In har ya sauya wannan duka, ta ina ya zama wankiya?

Gimbiyar Kaduna: Ni abin da ke ba ni dariya, 'yan Kano ne ke zagin wankiya. Shekara nawa kuna ɗauko labaran Indiya har da rawar cikin ruwan sama? Ba ku kuka ƙirƙiro kalmar ba?

Ɗan Fagge: Hajiya, kar ki taɓo Kano. Su waye suke fitowa a finafinan? Ba 'yan Kaduna da Jos ne suka cika su ba?

Gimbiyar Kaduna: Mu fitowa muke yi, ku kuke wankowa.

Abba Yaro: Ni dai duk wanda ya zagi Michael Douglas bai san fim ba. Mutumin da ya ci Oscar da Wall Street, ɗan Kirk Douglas guda? Masu sharhin nan hassada ce kawai. Kuma ƙarshen fim ɗin ya girgiza ni, da aka gano cewa ɗan jaridar ne da kansa ya kashe matar.

Maman Iman: Innalillahi! Abba, Allah ya isa datata. Saura kaɗan ya gama sauka ka zo ka fasa mini ƙwai.

Abba Yaro: Anti ki yi haƙuri, amma fim ɗin 2009 ne fa. Wanda bai kalla ba har yanzu laifin wa?

Maman Iman: Laifin uwarka ce zan ce, amma ina ganin mutuncinta.

Malam Tsoho: Ƙarshen da ya girgiza ka ɗin ma na 1956 ne, ɗana. Haka Lang ya rufe nasa, kuma shi ne fim ɗinsa na ƙarshe a Amurka kafin ya koma Jamus.

Sarkin Kallo: Shi ke nan! Har ƙarshen ma wanko shi aka yi.

Barista: Da izini!

Sarkin Kallo: Barista, kai kullum kana bayan wanda ake tuhuma. Nawa Hyams ya biya ka?

Barista: Ka iya bakinka. Kai da ko ɗaya daga cikin biyun ba ka kalla ba, ka rantse.

Sarkin Kallo: Na kalli tallarsa.

Na Damagaram: Don Allah akwai fassarar Hausa? In babu ni ba ruwana.

Gimbiyar Kaduna: Ka jira, 'yan Kano na hanya.

Shugaban zaure: To jama'a, ya isa haka, za mu rufe. Abin da aka cimma: mafi yawanmu sun yarda cewa Michael Douglas gwani ne kuma ba laifinsa ba ne, yaron nan Metcalfe ne bai iya ɗaukar fim ba, shi da aka sani da aikin lambu a Desperate Housewives. Maganar wankiya, Barista ya yi ta kawo sunaye amma bai gamsar da kowa ba. Baba ya yi dogon bayani, Allah ya saka. Gimbiya kuma wannan gargaɗi ne na ƙarshe, duk wanda ya sake taɓa Kano zan cire shi.

Barista: Shugaba, wa ya ambaci Metcalfe da laifi a nan? Nuna mini.

Gimbiyar Kaduna: Ka tambaye shi unguwarsu tukuna.