Shagon bakin sabon fili: in sake biyan haya ko in koma tasha?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Shekara biyu ke nan da na kama shago a bakin sabon filin ƙwallon da ake gina wa ƙungiyar garinmu, nan Kebbi. Lemo da ruwan leda nake sayarwa, sai cajin waya. Lokacin da na shiga cewa aka yi wata tara za a buga wasan farko. Yau katanga ta tashi, ƙarafan rumfar 'yan kallo na tsaye ba rufi, ciyawar da aka shuka ta bushe tun hunturun bara, awaki ke kiwo a bakin raga. Yaranmu a filin wata sakandare suke wasa, sai mun hau babur mun bi su. Hayata za ta ƙare ƙarshen watan nan. Mai shago ya ce dubu 180 a shekara, kuma ta shekara biyu yake so a dunƙule, wai an kusa buɗe fili. An nuna mini wani a bakin tasha dubu 120, amma firiji ɗaya kawai zai ɗauka. In zauna ko in tashi?

Na Jega:
Wa alaikumus salam. Ka sa sola kawai Malam. Tun da na sa ban sake sayen fetur ba.

Ɗan Kalgo Barca:
Haƙuri Baban Sadiya, mun san ciwon nan. A Yunin 2023 aka fara fasa Camp Nou, filin ƙungiyarmu Barcelona, aka yi mana alkawarin komawa Nuwamban 2024, daidai cikar ƙungiya shekara 125. Kaka biyu cur muna zaman aro a filin Montjuic. Har ta kai mun karɓi Valencia a filin Johan Cruyff mai cin mutum 6,000. Sai 22 ga Nuwamban 2025 muka koma gida, muka lallasa Bilbao 4-0, shi ma mutum wajen dubu 45 aka bari suka shiga a filin da aka tsara wa dubu 105. Amma dai an koma. Ka daure.

Sarkin Madrid:
"Muka koma gida" wai! Daga Kalgo motar ina ka hau? A ba shi labarin Valencia ɗin ma mana: sun fara sabon fili a 2007, aiki ya tsaya a 2009, sai 2025 aka dawo kansa. Baban Sadiya, in naka irin wannan ne, Sadiya ce za ta buɗe shagon da jikokinka.

Kawu Mai Tsire:
Ku bar wasa yara, mutum na maganar abincin iyalinsa. Baban Sadiya, saurare ni, don ni na sha wannan ruwan. A wani gari ne, ba naku ba. Da aka kafa allon aikin fili, na sayar da bijimai biyu da na yi wata bakwai ina turkawa, na yi rumfar kwano, na sayi benci shida da sabuwar tukuba. Lissafina ranar wasa in yanka raguna biyu. Kafin nan sai leburori suka zama 'yan cinikina. Shugabansu ya zo da kansa ya ce in riƙa ba su, a rubuta, ranar Juma'a in an biya su za a cire mini. Wata uku ana cirewa lafiya. Daga nan aka fara "kuɗi ba su sauka ba, Kawu". Ban iya kallon yaron da ya wuni yana ɗaukar kankare in hana shi tsinke biyu ba, na ci gaba da rubutawa. Wata Asabar na fito da asuba in hura wuta, na ga babu injin kwaɓa siminti, babu tankar ruwa, ɗakin mai gadi a buɗe, tabarmarsa ma ya naɗe. Cikin dare suka kwashe. Littafin yana nan ƙarƙashin katifata, dubu 340 da 'yan kai, da sunan kowa. Uwargida har yau ba ta son a yi zancen bijiman nan, ɗaya nata ne na gado. Ban taɓa yanka ragon wasa ko ɗaya a wurin ba.

Maman Hanif:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri Kawu. Ni ma awara nake kaiwa bakin wani aiki, amma ban ba da bashin ko ta naira hamsin.

Na Jega:
Allah ya saka maka Kawu. Amma dubu 120 a bakin tasha? A ina? Ƙanena dubu 200 yake biya, ko silin babu.

Maman Hanif:
Mu a nan maigidana dubu 90 yake biya, har da baranda.

Magini Ɗan Argungu:
Baban Sadiya, kada ka saurari mai shago, je ka duba da idonka. Leƙa sito ka ga akwai siminti ko babu. Duba rodin da aka bari a waje, in ya yi ja da tsatsa har yana ɓarewa, an daɗe ba a taɓa shi ba. Abu na uku rijiyar burtsatse. Ciyawar fili a zafin Kebbi safe da yamma take shan ruwa, duk wanda ya shuka ta bai haƙa rijiya ba, hoto kawai ya so ɗauka. Kuma kwangilar da aka yi wa kuɗi siminti na dubu biyar, yanzu ya haura dubu goma, ɗan kwangila ba zai dawo ba sai an sake masa lissafi.

Sarkin Madrid:
Dubu tara da ɗari biyar na saya makon jiya.

Magini Ɗan Argungu:
Buhu nawa ka saya? Ni da nake sauke tirela kake gaya wa farashi?

Ɗan Kalgo Barca:
Ni dai na ce ya zauna. Ranar da aka buɗe, shagon nan ba zai samu ko a dubu 400 ba. Ko ƙaramin filin da FIFA ta ba da kuɗinsa a Birnin Kebbi, an sa tubalinsa a 2020, an sha surutu a kansa, amma ai yana nan tsaye.

Kawu Mai Tsire:
Ɗana, ka taɓa biyan hayar shago da guminka? Mai kallo a talabijin daban, wanda ya zuba jarinsa daban.

Ɗan Kalgo Barca:
Kawu, da girmanka, naka ɗan kwangilar ne ya gudu. Ba kowa ne zai gudu ba. Kuma ni ma ina da hakki a filin nan, duk wasa sai na kashe dubu biyu a babur in bi yaranmu, in tsaya a rana babu ko inuwa.

Baban Sadiya:
Na gode ƙwarai. Malam Magini, na leƙa da la'asar. Sito a kulle, rodi ya yi ja, rijiya kuwa an haƙa amma ba a sa mata famfo ba. Mai gadi yana nan. Na roƙi mai shago ya karɓi ta shekara ɗaya, ya ce zai yi shawara da 'yan'uwansa, gidan gado ne. Abin da ke riƙe ni, firijina biyu ba za su shiga na tasha ba.

Maman Hanif:
Yaya, firiji biyun da wace wuta? Mu kwana huɗu ke nan ba mu ga ƙyaftawarta ba, ƙanƙara nake saye ina sa wa zoɓo. Jiya kuma suka kawo takardar kuɗi kamar mun sha ta wata guda.

Sarkin Madrid:
Gidan kallonmu ma an ƙara kuɗin shiga saboda mai. Ranar Laraba ana tsakiyar wasa janareta ya mutu, aka ƙi mayar mana da ko sisi.

Na Jega:
Shi ya sa tun farko na ce sola. Maman Hanif, layinku ne kawai ko duk unguwar? Mu taransifomarmu ce ta ƙone, an ce kowane gida ya kawo dubu biyar.