Tafiyar ƙasa a bakin tekun Gana: daga ina zan fara?

Ɗan Zazzau ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Malamin makaranta ne ni a Zariya, tarihi nake koyarwa a sakandare. Kullum ina yi wa ɗalibai bayanin sansanonin da Turawa suka gina a gaɓar tekun Gana, Elmina da Cape Coast da sauransu, amma a hoto kawai na san su. Ina da hutun ƙarshen shekara, kuma burina in taka gaɓar nan da ƙafata, ina kwana ƙauye-ƙauye, daga Elmina har Axim in zai yiwu. Waɗanda suka san wurin, ku ba ni shawara: hanyar tana biyuwa? Ina ake kwana? Yaya batun abinci da salla?

Ɗan Zangon Takoradi ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam, sannu da ƙoƙari. A Takoradi aka haife ni, kuma ina yawan kai baƙi wuraren nan, don haka bari in faɗa maka gaskiya: ka cire Elmina zuwa Axim daga lissafinka. Tazarar ta haura kilomita 100, ga bakin kogin Pra a Shama, ga tashar jiragen ruwan Takoradi da aka buɗe tun 1928 ta tare gaɓar. Rabin hutunka zai ƙare a gefen kwalta kana shaƙar hayaƙin tirela.

Inda ƙafa take da daɗi shi ne ƙasar Ahanta, yamma da Takoradi. Ka hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Agona Nkwanta, daga nan ka nemi motar Butre. Ka kwana a can, da sassafe ka hau tudun da sansanin Batenstein yake. Mutanen Holan suka gina shi a 1656, shekarar da suka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Ahanta, wadda ta daɗe har 1872 lokacin da suka sallama wa Ingila duk abin da suke da shi a gaɓar. Yanzu kango ne, itatuwa sun tsiro a jikin bango, amma daga sama za ka ga kogi da teku da rufin garin gaba ɗaya, nan take za ka gane dalilin da ya sa suka zaɓi wurin.

Daga Butre zuwa Busua tafiya ce gajera a bakin ruwa. Busua garin masu yawon buɗe ido ne, masauki iri-iri, amma akwai kiɗa da giya, wataƙila ba zai yi maka ba. Ni dai na fi son Dixcove da ke gaba kaɗan: garin masunta ne sosai, kwalekwale masu fenti cike da mashigi, farin sansanin Ingilishi mai suna Metal Cross yana kallonsu daga kan dutse.

Aikin yana farawa ne bayan Dixcove. Hanyar Akwidaa tana da tsawo, wani wuri yashi ne mai nutsar da ƙafa, wani wuri duwatsu, wani wuri dole ka bar bakin ruwa ka bi ta gonakin kwakwa da na roba. Kada ka yi wannan kai kaɗai. Ka ɗauki ɗan gari ya raka ka, ku yi ciniki tun kafin ku tashi. Shi ya san lokacin da teku ke cikowa ya rufe hanya, shi ya san inda ake tsallake bakin tafki, kuma kowane ƙauye kuka shiga da bakinsa za a karɓe ka. A Akwidaa akwai ragowar wani ƙaramin sansanin Jamusawa, Dorothea, daji ya kusa cinye shi.

Daga nan sai Cape Three Points, ƙarshen ƙasar Gana ta kudu. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke aiki a wurin tun 1925 take. A cikin tekun da ke gabanta ne aka gano man fetur a 2007, amma in ka ga halin da hanyar ƙauyen take ciki sai ranka ya ɓaci. Ka ƙare a Princes Town, inda Jamusawan Brandenburg suka kafa Gross Friedrichsburg a 1683. Ɗalibanka za su so labarin wurin: da Jamusawa suka sayar wa Holan da shi a 1717, wani attajirin Ahanta da Turawa ke kira John Canoe ya ƙi miƙa shi, ya riƙe sansanin da mayaƙansa har 1724.

Disamba lokaci ne mai kyau, damina ta wuce. Ka fita bayan asuba, kafin azahar ka samu inuwa. Kuma don Allah kada ka shiga tekun nan da sunan wanka in ba inda 'yan gari suke shiga ba. Ruwan yana ja ta ƙasa, ko gwanin iyo yana jin tsoronsa.

Hajiya Mai Goro, Kumasi, ta amsa:

Ɗana, duk abin da yaron nan na Takoradi ya faɗa haka ne, amma ban yarda ka tsallake Elmina da Cape Coast ba. Ka je su da mota tukuna, sannan ka fara tafiyarka. Ƙananan sansanonin can yamma kyan wuri zai ɗauke maka hankali, ka manta abin da aka yi a cikinsu. Elmina ba ta barin mutum ya manta. Mutanen Fotugal suka gina sansaninta a 1482 don zinariya, Holan ta ƙwace a 1637, daga baya ɗakunan ajiyar kaya suka koma na ajiyar mutane. Na shiga ɗakin da ake tsare mata, ga farfajiya, ga benen gwamna a sama yana leƙensu. A Cape Coast kuwa coci ne a kan kurkukun maza. Ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi a Elmina, mutum ɗaya ma sai ya karkata yake wucewa.

Kuma ka tuna ba labarin wasu can ba ne. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, a kasuwar Salaga suke sauka, kuma a kasuwar nan ana sayar da bayi. Da yawa daga cikin waɗanda aka gangaro da su teku mutanen arewa ne. In kana da hali ka tsaya Assin Manso a hanyar Kumasi, ka ga kogin da ake yi musu wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa. Ka yi musu addu'a a can. Wannan shi za ka kai wa ɗalibanka.

Almajirin Sakandi ya amsa:

Malam, batun salla da sauƙi. Ruwan teku mai tsarki ne, hadisi ya tabbatar ana alwala da shi, kuma abin da ya mutu a cikinsa halal ne, saboda haka kifi ba matsala. Tunda daga Zariya ka taso kai matafiyi ne, kana da damar ƙasaru muddin ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba. Masallatai suna nan a zangunan Cape Coast da Sakandi da Takoradi, Hausa kuma za ka ji ta kamar kana Tudun Wada. A ƙauyukan Ahanta ne Musulmi suka yi ƙaranci, sai ka riƙe darduma ƙarama da manhajar alƙibla a waya. In Juma'a za ta riske ka, ka tsara ta same ka a Takoradi.

Abinci: dokunu (tuwon masara mai tsami) da soyayyen kifi da barkono, ko ayaba da wake. Miyar nama ka tambaya tukuna, don akwai masu sa naman daji ko alade. Ka sani kuma ranar Talata masunta ba sa shiga teku, sabon kifi yana wuya ranar.

Ɗan Zazzau ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, na karɓi maganarki: Assin Manso da Cape Coast da Elmina da mota, sannan Butre zuwa Princes Town da ƙafa. Ɗan'uwa na Takoradi, saura tambaya biyu: a ƙauyukan nan ana karɓar kuɗi ta waya ko sai na riƙe sidi, kuɗin Gana, a hannu? Kuma katin rigakafin shawara har yanzu ana tambayarsa a Aflao, kan iyakar Togo da Gana?

Ɗan Zangon Takoradi ya amsa:

Katin kam ka zo da shi, ana tambaya, tare da fasfo ɗinka na ECOWAS, biza babu. Kuɗi kuma ka canza a Takoradi ka riƙe ƙananan sidi, don bayan Dixcove sabis yana ɗaukewa, mai kwalekwale kuma ba ya da canji. In ka iso tasha ka yi mini magana a nan, zan haɗa ka da wanda zai raka ka daga Butre.