Neman kalma: yaya za mu ce "priesthood" a darasin faɗuwa da fansa?

Mai Fassara: Salama 'yan'uwa. Darussan makarantar Lahadi ta manya za su tafi wurin mai buga littafi ranar Juma'a, kuma darasi na shida ya tsaya cak saboda kalma ɗaya. Jigonsa shi ne: Adamu ya faɗi, an kore shi daga gonar Aidan, hanyar zuwa gaban Allah ta toshe, sai aka naɗa Haruna da 'ya'yansa su riƙa shiga a madadin jama'a, daga baya Almasihu ya zo da nasa "priesthood" wanda ya fi na Haruna. Kalmar tana kusan kowane shafi. Na sa "aikin firist", amma a wasu jimlolin sam ba ta zama. Ku taimaka.

Malamin Helenanci: Ba za ta zauna ba, domin Turanci ya cusa abu uku a buhu ɗaya. A Sabon Alkawari kalmomi uku ne. Akwai hiyerosune a Ibraniyawa 7:11, 12 da 24, wato muƙamin kansa, kujerar da ake hawa. Akwai hiyeratiya a Luka 1:9, inda kuri'a ta faɗa kan Zakariya ya shiga ya ƙona turare, wannan hidimar ce da ake yi da hannu. Sai hiyeratuma a 1 Bitrus 2:5 da 9, wadda ke nufin taron mutanen. Na biyu "aikin firist" ya ishe shi. Na uku "jama'ar firistoci". Na farko ne ciwon kanki, kuma ni "firistanci" zan sa, kamar yadda muke cewa limanci da alƙalanci.

Baba Katikis: Firistanci dai. Mun saba jin ta a kan bagade.

Ɗan Asali: Da girmamawa Baba, sabo da abu bai mai da shi daidai ba. Firist ba Hausa ba ce, Turanci ne aka sa wa hula. Abin dariyar ma, Turawan kansu aro suka yi daga kalmar Helenanci firesbuteros, wadda ma'anarta dattijo ce kawai. Wato mun ari kalmar da ta ɓata hanya tun kafin ta iso mana. Me mutumin nan yake yi? Hadaya yake miƙawa. To a kira shi mahadayi, jam'i mahadaya, muƙaminsa mahadayanci. Yaro ma zai gane daga jin farko.

Malamin Helenanci: Zancen asalin kalmar gaskiya ne, ban musa ba. Amma ma- a kan aikatau take hawa: ƙera maƙeri, rubuta marubuci, ɗinka maɗinki. Hadaya suna ce. Sannan jam'inka "mahadaya" ya yi kama da sunan wuri, kamar makaranta ko majema, mai karatu zai ɗauka bagaden ake nufi.

'Yar Gusau: Kuma a waya rabin mutane ba sa sa ƙugiya. Mahadayi da mahaɗiyi tazararsu kaɗan ce. A aji wani zai karanta "Yesu babban mahaɗiyinmu", darasi ya watse da dariya.

Ɗan Maraɗi: Ku bar Ɗan Asali ya huta, ba shi kaɗai ya yi wannan tunani ba. Fassarar Faransanci ta Louis Segond ta 1910, wadda majami'u da yawa ke riƙe da ita a nan, "sacrificateur" ta sa a wurin firist, wato mai miƙa hadaya, ta kauce wa kalmar da ake kiran fadan Katolika da ita. Muƙamin kuma kalmarsa daban ce, "sacerdoce". Ashe hanyar an taɓa bin ta.

Ɗan Asali: Madalla. Faransawa sun yi, ba wanda ya ce musu uffan. Mu ne kullum muke jin kunyar harshenmu.

Mama Shugabar Zumunta: Me ya hana a ce limanci? Kowa ya san liman, yana gaba jama'a na baya.

Rabaran Mai Ritaya: Mama, hoton tsayuwa a gaba ya yi daidai, amma aikin ya sha bamban. Liman yana jan salla, duk wanda ya cancanta a cikin sahu zai iya wucewa gaba in ba ya nan, kuma ba ya ɗaukar jini ya shiga da shi ko'ina saboda laifin mamu. Ku duba Littafin Firistoci sura 16 ku ga abin da kalmar za ta ɗauka. Sau ɗaya ne a shekara, ranar 10 ga wata na bakwai. Haruna zai yi wanka, ya ajiye kayan ado, ya sa tufafin lilin. Zai fara yanka bijimi domin zunubin kansa da na gidansa, tun da shi ma ɗan Adamu ne. Zai ɗebi garwashi daga bagade da turare cike da tafin hannu biyu, ya shiga bayan labulen alfarwar sujada, hayaƙin ya rufe murfin akwatin alkawari don kada ya mutu. Sai ya yayyafa jinin bijimin da yatsa, sau bakwai. Bunsuru biyu na jama'a an riga an jefa musu kuri'a: ɗaya a yanka, a kai jininsa ciki a yi masa kamar na bijimin, ɗayan kuma ya ɗora masa hannu biyu a ka, ya furta laifofin Isra'ila duka, a kora shi jeji. Naman bijimin da na bunsurun da aka yanka, har fata da kayan ciki, a bayan zango ake ƙone su. Duk tsawon lokacin da yake ciki ba a yarda kowa ya kasance cikin alfarwar ba.

In kuskure ya shiga, sura 10 ta nuna sakamakon: Nadab da Abihu, 'ya'yan Haruna, sun kai wutar da ba a umarta ba, nan take suka mutu. To wannan ba limanci ba ne. Kuma in muka sa liman, maƙwabcinmu Musulmi da ya ɗauki littafin zai fahimci wani abu daban da abin da muka nufa, ya kuma ji mun taɓa masa kalma.

Ga Ɗan Asali kuma: hadaya rabin aikin ne. Firist yana sa albarka (Littafin Ƙidaya 6), yana koyar da shari'a, yana duba mai cutar fata ya ce tsarkakakke ne ko a'a, babban firist kuma yana ɗauke da sunayen kabilu 12 a ƙirjinsa a kan duwatsu (Fitowa 28). Ibraniyawa 7:25 kuma ta ce abin da Almasihu yake yi yanzu roƙo ne dominmu, hadayar an gama ta sau ɗaya. Mahadayanci zai sa mai karatu ya zaci har yau yanka ake yi a sama.

Ɗan Asali: To a ɗauko kahin. Da Ibrananci kohen ne, Littafi Mai Tsarki na Larabci kahin ya sa. Ya fi kusa da mu a kan Turanci.

'Yar Gusau: An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san kahin boka ne, mai duba. A Alƙur'ani ma da wannan ma'anar ta zo, a 52:29 da 69:42. Ka ce Yesu babban kahin a Gusau ka ga yadda za a kalle ka. Kuma tun da tsarkin harshe ake nema, hadayar taka ma daga Larabci ta zo. Haka liman, haka malami, haka zunubi.

Ɗan Asali: Aron Larabci ya yi ɗaruruwan shekaru a bakinmu, ya narke. Wannan kuwa Hausar coci ce, wadda waɗanda suka koyi harshen a makarantar mishan suka ɗora mana. Je ka Kurmi ka ce "firistanci" ka ga ko mai goro zai ɗago kai.

Fasto daga Filato: Malam, a yi hattara da wannan magana. Waɗanda kake kira masu Hausar coci su ne suka fi kowa sayen Littafi Mai Tsarki na Hausa, da ita suke wa'azi a majami'un COCIN da ECWA da EYN, da ita suke binne iyayensu. Littafin nan su aka rubuta wa, ba mai goro ba. In Hausarmu ba ta isa ba, ku zo ku karɓi azuzuwan.

Ɗan Wusasa: Kuma a daina yi kamar babu Hausawan haihuwa a cikin lamarin. Likita Walter Miller a ƙasar Zazzau ya zauna, da 'yan gari ya yi aiki kafin cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932. Kakanninmu ba a Jos suka koyi Hausa ba.

Ɗan Asali: Zazzaganci kuma wani zance ne daban.

Ɗan Wusasa: Ka faɗa mana wane ne.

Mai Fassara: Don Allah iyayena da yayyena, Juma'a fa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni ba zan iya koya wa malamai sabuwar kalma a cikin kwana uku ba. Malamin Helenanci, -nci tana hawa kalmar aro ba matsala?

Malamin Helenanci: Likitanci, lauyanci, injiniyanci. Duk daga Turanci, ba wanda ya kai ƙara. Kuma littafi na uku na Attaura sunansa Littafin Firistoci a fassarar da ke hannun yawancin mutane, ba za ki sa ɗalibi ya buɗe Firistoci yana karanta mahadaya ba.

Gwajin da ya kamata ki yi shi ne Ibraniyawa 7:23 da 24. Hujjar marubucin ita ce firistocin zuriyar Lawi sun yi yawa domin mutuwa tana cire su ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa da yake yana raye har abada, nasa ba ya wucewa hannun wani. "Aikinsa ba ya wucewa hannun wani" ya yi sanyi, kamar zancen kwangila. "Firistancinsa ba mai gado" ya kama, domin Bahaushe ya san sarauta da limanci abin gado ne. Nan ne kuma faɗuwa ta haɗu da batun: Romawa 5:12 ta ce mutuwa ta shigo ta wurin mutum ɗaya, ita ce ta riƙa cinye firistocin da aka naɗa su magance zunubin. A nuna wa malamai wannan ƙullin, in ba haka ba darasin zai zama jerin sunaye.

Abu ɗaya da za ki ƙara a gefen shafi: aikatau biyu da aka ba Adamu a Farawa 2:15, ya yi aikin gonar ya kuma kiyaye ta, su ne abad da shamar da Ibrananci, kuma su ne aka yi amfani da su ga hidimar Lawiyawa a Littafin Ƙidaya 3:7 da 8. Kerubobi, wato mala'iku masu tsaro, su ne suka tsare hanyar itacen rai a gonar a Farawa 3:24, kerubobi ne aka saƙa a jikin labule a Fitowa 26:31, labulen Haikali kuma shi ne ya tsage daga sama har ƙasa a Markus 15:38. In kika fassara "kiyaye" a wuri ɗaya, "lura" a wani, zaren ya tsinke.

Fada: Na yarda da firistanci, amma ina da gyara a kan "jama'ar firistoci". A wurinmu Katolika, takardar koyarwar coci mai suna Lumen Gentium ta 1964 ta raba firistancin dukan masu bi da firistancin hidima na waɗanda aka keɓe. In ɗan Katolika ya ga "jama'ar firistoci" zai ɗauka taron fada-fada ne a gidan bishop.

Fasto daga Filato: Fada, Sabon Alkawari bai taɓa kiran shugaban ikkilisiya da kalmar firist ba, dattijo da mai kula ya ce. Martin Luther, jagoran Furotesta, ya faɗi haka tun 1520.

Fada: Wannan gardamar ta girmi ni da kai, Fasto, ba za mu gama ta kafin Juma'a ba. Ni dai a sa "al'ummar da dukanta firistoci ne", kowa ya tsira.

Mai Fassara: Ya yi tsawo amma zan ɗauka, sau biyu kawai ya fito. Saura "order of Melchizedek".

Ɗan Maraɗi: Ɗariƙar Malkisadik?

'Yar Gusau: A'a, sai a tambaye ka wuridinta. "Irin na Malkisadik" ya wadatar. Abin nufi ai ba ƙungiya ba ce. Farawa 14 ta kawo shi sarkin Salem kuma firist, ba a ambaci uba ko uwa ba, Ibrahim ya ba shi zakka, Zabura 110:4 ta ɗauko shi, Ibraniyawa 7:14 ta ce Yesu daga kabilar Yahuza ya fito, wadda ba ta da rabo a bagade. Firistanci ne da ba a samu ta hanyar jini ba.

Rabaran Mai Ritaya: Ni kalmar da ta fi ba ni tsoro a darasin ma ba wannan ba ce, fansa ce. Yau in ka ce fansa, abin da ke zuwa zuciyar mutum kuɗin da ake kai wa masu garkuwa ne, ko ɗaukar fansa. Tambayar farko a aji za ta zama: wa aka biya? Shaiɗan? Ibraniyawa 9:12 ba ta ambaci wanda ya karɓa ba, ta ce ya shiga da jininsa sau ɗaya ya samo madawwamiyar fansa. Kada ki bar kalmar ita kaɗai, ki riƙa cewa "ya fanshe mu da jininsa", ki kai su Littafin Firistoci 25, inda ɗan'uwa na kusa ke fanso wanda talauci ya sa ya sayar da kansa.

Malamin Helenanci: A nan Hausa ta fi Turanci dacewa. Go'el na Ibrananci shi ne mai fansar ɗan'uwa, shi ne kuma mai ɗaukar fansar jini a Littafin Ƙidaya 35. Kalma ɗaya, fuska biyu, kamar tamu.

Ɗan Asali: Kun gani? In an tona, harshen yana da kayansa. Da an ba mahadayi shekara goma a kan bagade da ta zauna kamar yadda firist ta zauna.

Mai Fassara: Ga abin da zan aika: firistanci ga muƙami, aikin firist ga hidima, jimlar Fada ga 1 Bitrus, "irin na Malkisadik". A fitowar farko zan sa bayani: firist shi ne wanda aka keɓe ya tsaya gaban Allah a madadin mutane, da hadaya da roƙo. Malam Ɗan Asali, "mai miƙa hadaya" zai shiga jerin ma'anonin kalmomi a ƙarshen littafi.

Ɗan Asali: A ƙarshen littafi, inda ba mai zuwa. Shi ke nan. Amma a sa mahadayi kusa da shi.

Mai Fassara: Zan tambayi edita. Kan darasin fa? "Faɗuwa da Fansa" ko "Faɗuwa da Ceto"?

Baba Katikis: Ceto.

Rabaran Mai Ritaya: Fansa. Ceto darasi na bakwai ne.