Wace shawarar manya ce ta fi amfani ga mai fara neman na kansa?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Wace shawara ce kuka ga ta fi riƙe mutum a zaman duniya? "Yi haƙuri" da "riƙe gaskiya" duk mun sha ji. Ina son wadda za a ce ga yadda ake yin ta.

Manomin Jiratawa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sayar da amfanin gona gaba ɗaya da kaka. Lokacin ne kowa ke kai nasa kasuwa, tiya ta faɗi, da bazara kuma ka dawo kana sayen naka da tsada. Raba shi uku: na ci, na iri, na sayarwa. Wake ne mai wuyar ajiya saboda ƙwaro, maganinsa buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Waken ya bushe har ka ciza ka ji ƙaras. Kafin ka zuba, cika kowace leda da iska ka matse, in tana huci ta huje, sake wata. Bayan ka zuba, danna iskar ta fita, murɗe bakin ledar farko, lanƙwasa ka ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun. Ba a sa magani, rashin iska ke kashe ƙwaron. Inda ake ɓatawa: a ɗaure ledojin a haɗe, ko a riƙa buɗewa ana ɗiban na girki, ko a jingina da bango ɓera ya huda. Ɗora shi kan katako.

Hajiya mai ƙuli-ƙuli:
Ɗana, uwar kuɗi daban, riba daban, kada su kwana a aljihu ɗaya. In ka sa jika hamsin a sana'a, da yamma fara cire kuɗin kaya, sannan na mota da na dako. Abin da ya rage shi ne naka, kuma ko a cikinsa ka ware na asusu kafin cefane. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jiharmu ta Maraɗi a 1991 a kan wannan ya tsaya: zubi kaɗan kowane mako, ba fashi. Mai ci daga uwar kuɗi ba ya ganewa da wuri, sai ranar sari ya ga kuɗin buhu biyu sun koma na ɗaya da rabi.

Malamin zaure:
Tawa tana cikin Baƙara, aya ta 282: in an ci bashi zuwa wani lokaci, a rubuta, a kafa shaidu. Ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. A takardar a sa adadi da lamba, a kuma fayyace sefa ne ko naira, don mu nan da su biyun ake ciniki kuma canji ba ya tsayawa. A sa ranar biya. "In Allah ya hore" ba rana ba ce. Gona kuwa, saye ne ko jingina ko aro, a je wurin mai gari da kwamitin filaye a karɓi takarda. Shaidu suna mutuwa, magada su taso su ce aro ne.

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka da alheri. Amma Baba na Jiratawa, wanda bashi ya bi shi har bakin gona fa, ta ina zai ajiye?

Manomin Jiratawa:
Ya sayar da daidai bashin, ya fara da gyaɗa ko riɗi, ya bar hatsi. In garinsu akwai ƙungiyar da ke karɓar buhu a sito ta ba da rance a kansa, ya tambayi abu uku kafin ya kai: kuɗin ajiyar kowane buhu, abin da za a ɗora kan rancen, da watan buɗe sito. In jimillar ta kusa cinye ƙarin da yake sa rai da bazara, gara ya sayar yanzu.