Baƙin Hunturu a Lambun Gashuwa

Baba Mai Lambu:
Hunturu ya sauka, hazo ya rufe fadama,
Na dasa albasa da tattasai, ban-ruwa na gama,
Sai ga wasu baƙin tsuntsaye, ba gaisuwa ba sallama,
Masu rawayar ciki, suna kaɗa bindi ƙasa da sama.
Jama'a, in ɗauko danƙo ko in yi musu girma?

Malamin Dagona:
Ajiye danƙon nan, Baba, kada ka taɓa su,
Daga Turai suke, ƙanƙara ce ta koro su,
Ƙwari sun ɓuya can, yunwa ta taso su,
Sun ƙetare Bahar Rum, Sahara ba ta tsai da su.
Ba ruwansu da albasa, tsutsa ce cimarsu,
Kafin Afrilu ya fita ka neme su ka rasa su.

Baba Mai Lambu:
Malam, na ji karatu, amma ina da tambaya,
Wa ya cinye mini shinkafa bara, ya bar ni da ƙaiƙayi da ƙaya?

Inna 'Yar Nguru:
Haba Baba, wannan ai aikin tsuntsun nan jan-baki ne,
Shi ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, namu ne,
In ya taso da rundunarsa ka ce hadari ne,
Yara na ta kaɗa gwangwani, shi ko a jikinsa ne?
Kar ka ɗora wa matafiyi laifin da na ɗan ɗaki ne.

Malamin Dagona:
Inna ta faɗi gaskiya, in ƙara kaɗan a kai,
Agwagin Turai na tafkinmu, ba ƙananan nan kaɗai,
Suna kiwo da ɗinya da kirinjijiya, ba wanda ya ce kai.
A 1989 Yarima Filip na Ingila ya zo ganinsu, ya tako da kai.

Inna 'Yar Nguru:
Yarima ya zo ya koma, Malam, mu muke da ruwa,
Tun da aka datse kogi a Tiga ambaliya take raguwa,
Ciyawar kacala ta toshe magudanai, kwalekwale ya kasa wucewa,
A cikinta jan-bakin nan yake kwana da hayayyafawa.
A sare ta tukuna, sannan a yi mana zancen tsuntsayen Turawa.

Baba Mai Lambu:
To na mayar da danƙo aljihu, baƙi su ci tsutsa,
Amma ranar gayyar kacala, Malam, kai ma ruwa za ka kutsa.

Malamin Dagona:
A sanyin nan, Baba? Ku bari rana ta ɗaga,
In zo da lauje, Inna ta dama kunu, sai mu shiga.