Neman shawara: tsohon jirgin jan masu zamiya ƙirar 1987, dala 7,500 ta yi?

Bakatsine a Minnesota:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, da fatan ana jure sanyi. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar jirgin ruwa.

Shekarata tara a Minnesota. Wanda ya zauna nan ya san da zarar ƙanƙara ta narke ba ka da maƙwabci, kowa ya ɗaura jirgi a bayan mota ya nufi tafki. Bara wani abokin aikina ya ja yarana a bayan nasa, babban ya miƙe a kan katakon zamiya a gwaji na uku, tun daga ranar ban sake shan ruwa da daɗi a gida ba.

To na ga wani a Facebook. Ski Nautique 2001 ne, ƙirar 1987 (2001 ɗin sunan samfurin ne, ni ma da farko na ɗauka shekara ce). Injin Ford 351, agogonsa na nuna awa 940, da tirelarsa. Kujeru sababbi fil, jiki sai ƙyalli. Mai shi dattijo ne, ya ce bazara biyu ke nan bai saka shi ruwa ba saboda ciwon gwiwa. Dala 7,500 yake nema. Matsalar, muna cikin Fabrairu, tafkunan duk sun daskare har motoci ke hawa kai, babu inda za a gwada shi. Ya ce zai iya jona masa tiyo ya tayar min da injin a gareji, kuma wai akwai wani mai zuwa gani ranar Asabar.

Me ya kamata in duba, kuma nawa zan taya? Ban taɓa mallakar ko kwale-kwale ba.

Banufe a Houston:

Ikon Allah! Bakatsine da jirgin ruwa. Ruwan da ka sani ai na randa ne. Kafin ka tambayi kuɗin jirgi, faɗa mana tsakaninka da Allah, ka iya iyo? Bari masana su zo, ni dariya ta hana ni rubutu.

Bakanike a Michigan:

Wa alaikumus salam. Malam, shekarata goma sha huɗu ina aiki a garejin gyaran jirage a nan, kuma irin wannan jirgin ya sha ratsawa ta hannuna. Jirgi ne mai kyau, mutane har yau suna nemansa. Amma ka manta da kujerun nan tukuna. Kujera ita ce abu mafi sauƙin sauyawa, kuma sau da yawa ita ake sauyawa idan za a sayar.

Abin da zai yanke kuɗin jirgin nan yana ƙarƙashin daɓen da kake takawa. Akwai dogayen katakai kwance daga gaba zuwa baya, kamar azarar ɗaki, an lulluɓe su da faiba. Sitiringa ake ce musu, ka riƙe sunan don ka tambayi mai shi. A kansu injin yake zaune. Kamfanin Correct Craft, masu ƙera Nautique, da katako suke yin su har zuwa 1992, sai a 1993 suka koma abin da ba ya ruɓewa. Naka na 1987 ne, ke nan katako ne da ya haura shekara talatin da biyar yana zaman ɗanshi. Tsakanin katakan kuma an cika da soso don kada jirgi ya nutse. Idan ruwa ya shiga soson nan ba ya fita, sai ya zauna yana cin katakon a hankali, daga waje ba ka ganin komai.

Ga yadda za ka gane. Ka tafi da sufana. Ka buɗe murfin injin, za ka ga manyan kusoshin da suka ɗaure ƙafafun injin da katakon. Ka ɗora sufana ka gwada ƙara musu ɗauri. Idan kusa ta cije ta ƙi motsi, alhamdu lillahi. Idan ta yi ta juyawa ba ta kamawa, katakon ya zama gari. Ka nemi izinin mai shi ka zare guda ɗaya ka duba zarenta: baƙin danshi ko ɓarɓashin itace, magana ta ƙare. Sannan ka cire takalmi ka taka ko'ina a daɓen, musamman gefen injin da bayan kujerar direba, duk inda ya lotsa kamar katifa ruɓa ce. Ka kama ƙarfen nan na tsakiya da ake ɗaura igiya ka girgiza da ƙarfinka, bai kamata ya yi ko gezau ba. Sai dai a wannan sanyin ka yi hattara, jiƙaƙƙen katako idan ya daskare tauri yake yi kamar lafiyayye. Idan garejin ba mai ɗumi ba ne, gwajin nan zai iya yi maka ƙarya.

Aikin sauya katakan nan ba wasa ba ne. Sai an ɗaga inji, an yanke daɓe, an kwashe soso, an goge, an sake zubawa. A garejinmu na ƙarshen da muka yi ya haura dala 6,000. Ka ga ya kusa kuɗin jirgin gaba ɗaya.

Injin kuwa, awa 940 ba ta tsorata ni. Ford 351 jaki ne, na ga waɗanda suka wuce awa 1,500 ba a taɓa buɗe su ba. Zaman bazara biyu ya fi damuna, da kuma tambayar ko an zubar masa da ruwa kafin sanyi. Injin nan ba shi da lagireto, ruwan tafki yake zuƙa ya sanyaya kansa. Idan aka bar ruwa a ciki ya daskare, bulok ɗin ƙarfe tsagewa yake. Ka zaro sandar auna baƙin mai: idan man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Ka haska tocila a gefen bulok da bututun hayaƙi ka nemi layin tsatsa. Ka sa a auna matsin silinda takwas ɗin, kada ratar da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni ta wuce kashi 10 cikin 100. Man giya ja ne, idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, ka sa a lissafi.

Bakatsine a Minnesota:

Allah ya saka da alheri Malam, ka buɗe min ido. To tayar da injin da tiyo fa, bai wadatar ba? Ina da aboki bakaniken mota, na ce ko in tafi da shi.

Kai kuma Banufe, na iya iyo, a wurin wankan unguwa na koya da kuɗina. Ba gado ba ne kamar naku.

Bakanike a Michigan:

Bai wadatar ba. A kan tiyo inji ba ya ɗauke da kaya, ko mai ciwo zai yi ƙara mai daɗi. Sai a ruwa za ka ga ko giya na zamewa, ko zafi na hawa, ko sandar farfela ta lanƙwashe jirgi na karkarwa, ko ruwa na taruwa a ƙasa. A ruwa ne za ka taka shi har ƙarshe ka ga ko juyin injin ya haura 4,000 a minti ɗaya.

Ka tafi da abokin naka, zai yi amfani wajen auna matsi. Amma ka ja masa kunne, kayan mota ba sa shiga nan. Sitata da kafireta da injin caji na jirgi an yi su ne yadda ba za su fitar da tartsatsi ko tururin fetur ba, saboda tururin fetur a jirgi ba shi da inda zai tsiyaye, ƙasa yake taruwa. Shi ya sa ake kunna fankar zuƙe iska minti 4 kafin a murza makulli. Idan ka ga an saka na mota don araha, ka san irin riƙon da aka yi wa jirgin. Wani abin kuma, injin Nautique na waɗannan shekarun juyinsa kishiyar na mota ne, don haka ba kowace sitata ko farfela ce za ta hau ba.

'Yar'uwa a Wisconsin:

Yaya, ni ba ta inji zan yi magana ba. Ku nawa ne a gidan? Mun taɓa sayen irin wannan mai inji a tsakiya, bazara biyu muka yi muka sayar. Akwatin injin ya cinye tsakar jirgin, gaban a rufe yake ba wurin zama, kuma idan ana jan mutum ba mai zama a kujerar baya saboda igiyar daga tsakiya take tashi tana share bayan. Sai ka ga direba da mutum biyu ne kawai a ciki, sauran muna bakin ruwa muna gadin kula. An yi shi ne don ya bar ƙaramin kumfa a baya saboda masu gasa, shi ya sa cikinsa a shimfiɗe yake, gefensa gajere. A ƙaramin tafki da sassafe ba abin da ya kai shi daɗi. Amma ka kai shi babban tafkin Minnetonka ranar Asabar da rana, lokacin da manyan jirage ke tayar da ruwa, haƙoranku za su gaya muku. Ka tambayi maman yara ko zamiyar take so ko yawon shan iska da baƙi.

Dattijo a Tennessee:

Assalamu alaikum. Ɗana, bakanike ya gama maganar gyara, bari in ɗan taɓa ciniki da takardu. Ina zaune ba nisa da Vonore inda ake ƙera jiragen MasterCraft, jirage uku na saya na sayar a rayuwata, na farkon ya koya min hankali. Na saye shi a watan Janairu saboda araha, da na kai shi ma'aunin manyan motoci daga baya sai na tarar ya fi nauyin da kamfani ya rubuta da fam ɗaruruwa. Duk ruwa ne a cikin soso.

Littafin farashi na J.D. Power, wanda a da ake kira NADA, ka duba shi amma kada ka dogara da shi. A tsofaffin jirage irin wannan lambarsa ba ta cika dacewa da kasuwa ba. Ka tara tallace-tallace biyar ko shida na samfurin, daga 1982 zuwa 1989 aka yi shi, ka ware waɗanda aka sauya wa katako da shaidar hotuna da rasit, ka ware waɗanda ba a taɓa ba. Za ka ga kasuwa biyu ce daban. A ganina 7,500 kuɗin wanda aka riga aka yi wa aikin ne. Idan dattijon bai da shaida, ka ɗauka ba a yi ba, ka cire kuɗin aikin daga farashin, ka cire na tayoyi da batir da robar famfon ruwa da wankin kafireta, abin da ya rage shi ne tayinka. Kada ka ji kunyar faɗa. Iyaka ya ce albarka.

Takardu kuwa, a bayan jirgin ta hannun dama daga sama akwai lamba mai harafi da alƙaluma 12. Ta Correct Craft da CTC take farawa, biyun ƙarshe kuma shekarar ƙira ce, ka ga 87 da idonka, ka gwada ta da ta jikin takardar mallaka. A Minnesota jirgin da ya wuce ƙafa 16 yana da takardar mallaka, naka ya kusa 19. Ka tabbata sunan mai sayarwar ne a jiki kuma babu bashin banki a kai. Tirela ma ka duba takardarta. Tayoyinta akwai lamba huɗu a gefe, mako da shekarar da aka yi su, kada zanen taya ya ruɗe ka, tayar tirela tsufa ke kashe ta ba tafiya ba. Ka ɗaga kowace ƙafa da jak ka juya ka saurari boris.

Maganar wani na zuwa Asabar, tun ina yaro a kasuwar shanu nake jin ta. Wataƙila gaskiya ce, wataƙila ba haka ba. Ni dai abin da zan yi, in ba da kafin alƙalami kaɗan, a rubuta a takarda cewa ciniki bai faɗa ba sai an gwada a ruwa bayan ƙanƙara ta narke, wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, idan ya faɗi gwaji a maido min kuɗina. Mai jirgi lafiyayye ba ya gudun wannan. Idan kana da hali ka ɗauko mai duba jirage mai shaidar SAMS ko NAMS, wato ƙungiyoyin masu wannan sana'a, bisa tsawon jirgi suke caji, kuma suna da na'urar auna ɗanshi.

Banufe a Houston:

To tunda ka iya iyo na sallama, amma yanzu da gaske nake. Mu da muka taso a bakin Neja mun san yawancin waɗanda ruwa ke ci ba rashin iya iyo ba ne kaɗai, rashin rigar hana nutsewa ne. Ka sa kuɗin riguna daidai jikin kowane yaro a lissafinka, da na kashe gobara, da inshora, da inda za ka ajiye shi wata shida na sanyi. Kuma jiharku ba ta wasa da cire toshiyar magudanar jirgi kafin a hau titi, saboda ƙananan kumbunan nan masu yaɗuwa daga tafki zuwa tafki. Ka cire idan za ka tafi, amma don Allah ka tuna ka mayar kafin ka saka shi ruwa. Na san halin mutanenku.

Bakatsine a Minnesota:

Jama'a na dawo. Mun je jiya da abokina. Baƙin mai ba shi da ruwa, matsin silinda duk sun yi kusa da juna, lambar baya ta dace da takarda. Amma da na ɗora sufana, kusoshi biyu na hagu ta baya sai juyawa suke kamar a cikin tuwo, duk da garejin da ɗumi. Muka zare ɗaya, ta fito baƙa da laima. Dattijon ya yi shiru, ya ce shi bai taɓa dubawa ba, kuma na yarda da shi, don fuskarsa ta fi tawa faɗuwa. Tayoyin tirela na 2011 ne.

Na taya 3,000, ya ce a'a, ya sauko 5,500. Na ce zan yi shawara. Maman yara kuma da ta karanta abin da 'yar'uwarmu ta Wisconsin ta rubuta, ta ce ita ba za a mayar da ita mai gadin kula ba.

Malam bakanike, idan na ce zan yi aikin katakon da hannuna a gareji, ƙarshen mako nawa zai ci? Ko in haƙura in nemi na 1993 zuwa sama?

Bakanike a Michigan:

Waɗanda na sani da suka yi da kansu, lokacin sanyi guda cur suka ba shi, kuma ƙurar faiba sai ta shiga har cikin tukunyar miya. Yanzu Fabrairu ta yi nisa, idan ka fara yau yaranka ba za su ga ruwa bana ba. Nemi na 1993 zuwa sama, ko mai buɗaɗɗen gaba tunda Hajiya ta yi magana. Idan ka samu, turo min hoton cikin akwatin injin da na ƙarƙashin jirgin wajen farfela kafin ka ɓata man mota.