Shin tsoron faɗuwa zaɓe ne ke riƙe da akalar 'yan majalisa?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina roƙon masana su fahimtar da ni dalilin da ya sa ɗan majalisa kan zage damtse wajen kai wa mazaɓarsa aikin da ido ke gani, amma idan aka zo ga yin doka da sa ido kan ɓangaren zartarwa sai ya yi musu riƙon sakainar kashi. Neman komawa kujera ne ke jawo haka?

Malamin Siyasa:
Wa alaikumus salam. Masanin siyasar Amurka David Mayhew ya yi bayani a 1974 cewa idan aka ɗauka babban burin ɗan majalisa shi ne a sake zaɓarsa, yawancin halayensa za su fito fili: yana tallata sunansa, yana jingina wa kansa aikin da aka kai mazaɓarsa, yana kuma bayyana matsayin da zai faranta wa masu ƙuri'a rai. Gyaran dokar haraji aikin ɗaruruwan wakilai ne, babu wanda zai ce nasa ne shi kaɗai, alhali gada ko asibiti ana iya nuna su da yatsa ranar yaƙin neman zaɓe. Gajeren wa'adi yana ƙara tsananta lamarin, domin ɗan Majalisar Wakilan Amurka shekara 2 kawai gare shi, sanata kuwa shekara 6.

Hajiya Mai Nazari:
Malam, bayaninka ya gamsar, sai dai ya kamata a duba wanda ke riƙe da tikitin takara. A Afirka ta Kudu jam'iyya ce ke tsara jerin sunayen 'yan takararta, saboda haka wakili ya fi tsoron shugabanninta fiye da jama'a. Ko a Birtaniya, a Satumbar 2019 Firaminista Boris Johnson ya kori 'yan majalisa 21 daga sahun jam'iyyarsa saboda sun saɓa masa kan batun ficewa daga Tarayyar Turai.

Tsohon Ma'aikaci:
Ni ban yarda cewa tsoron zaɓe aibi ne zalla ba. Meziko ta haramta wa 'yan majalisa yin tazarce tun 1933, ba a sauya dokar ba sai a 2014, kuma a tsawon lokacin wakilai sun fi zuba ido ga jagororin jam'iyya da za su sama musu muƙami na gaba, tunda masu ƙuri'a ba su da damar hukunta su ko saka musu.